Babi na Bakwai: Inda Bazara Ke Fara Shiga Tibet

A ƙasar Tibet tsayin wuri ne ke hukunta yanayi fiye da lissafin watanni. Tudun Tibet, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 2.5, matsakaicin tsayinsa kuma ya haura mita 4,000 daga saman teku, yakan ci gaba da zama cikin sanyi da ƙura da busasshiyar iska har bayan da gonakin kudancin ƙasar Sin suka daɗe da yin kore. Dalilin haka sananne ne ga masana yanayi, domin duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yakan ragu da kimanin digiri 6 a ma'aunin Salsiyos, shi ya sa makiyayin da ke kiwon shanun yak a filayen Changtang na arewa ba ya sa ran sabuwar ciyawa sai wajajen watan Yuni. Bazarar da ake nufi a wannan babi ita ce lokacin da ke biyo bayan hunturu a ƙasashen sanyi, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ƙanƙara ke narkewa itatuwa kuma suke tohowa. A Tibet wannan lokaci yana farawa ne daga kwaruruwa mafiya zurfi, sannan ya yi ta hawa mako bayan mako har ya isa tuddai, don haka matafiyin da ke neman sa dole ya san tsayin wurin da ya nufa kafin ya duba kwanan wata.

Wurin da bazara ke fara bayyana da ƙarfinta shi ne kusurwar kudu maso gabas, wato yankin Nyingchi, wanda Sinawa ke kira Linzhi, mutanen ƙasar kuma suka san tsakiyarsa tun da can da sunan Kongpo. Hedikwatarsa, garin Bayi, tana bakin kogin Nyang a tsayin kusan mita 3,000, alhali Lhasa, babban birnin Tibet, yana kan kimanin mita 3,650. A ma'aunin 'yan Tibet wannan yanki gangare ne, ko da yake garin Bayi da kansa ya ɗara ƙololuwar Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mai mita 2,419. Sai dai ƙarancin tsayi kaɗai bai isa ya bayyana yadda aka yi dazuzzuka masu duhu da gonakin alkama suka samu a ƙasar da aka sani da fari ba. Amsar tana wajen wani kogi da wani kwazazzabo.

Kogin Yarlung Tsangpo yana ɓulɓulowa ne daga ƙanƙarar yammacin Tibet, a kusa da dutsen Kailash, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 yana fuskantar gabas, tsaunukan Himalaya na tare shi daga kudu. Da ya iso ƙarshen jerin tsaunukan, sai ya kutsa tsakanin manyan duwatsu biyu, Namcha Barwa mai mita 7,782 da Gyala Peri mai mita 7,294, ya zagaye na farkon kamar lanƙwasar lauje, ya juya kudu ya gangara Indiya, inda ake kiran sa Siang a jihar Arunachal Pradesh, Brahmaputra a Assam, sannan Jamuna a Bangladash. Kwazazzabon da ya haƙa a wannan lanƙwasa, bisa awon da masanan Sin suka yi, tsawonsa ya kai kilomita 504, zurfinsa kuma a wuri mafi zurfi ya haura mita 6,000, wato fiye da ninki uku na shahararren kwazazzabon Grand Canyon na Amurka. Abin da ya fi muhimmanci ga batun bazara shi ne cewa wannan tsaga ita ce babbar kafar da ke jikin katangar Himalaya. Iska mai ɗumi da laima da ke tasowa daga Tekun Indiya, wadda duwatsu ke tarewa a kusan ko'ina, a nan takan sami hanya ta bi kwarin kogin ta haura arewa, tana zubar da ruwanta a kan hanya. Gundumar Medog da ke bakin kafar tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, har ayaba ke fitowa a can. Garin Bayi yana samun kusan 700. Kafin iskar ta isa Lhasa ta riga ta tsiyaye, abin da ke sauka bai kai 500 ba. Cikin tazarar 'yan kilomita goma-goma mutum zai iya wucewa daga kurmi mai zafi zuwa dajin itatuwan sanyi, daga nan zuwa makiyaya, daga nan zuwa ƙanƙarar da ba ta narkewa, kuma wurare kaɗan ne a duniya suka tara irin wannan bambanci a ɗan fili haka.

An daɗe ba a tabbatar da cewa Tsangpo na Tibet shi ne Brahmaputra na Indiya ba, saboda babu wanda ya iya bin kwazazzabon daga farko zuwa ƙarshe. A shekarar 1880 hukumar safiyo ta Turawan Ingila a Indiya ta aiki wani mutumin Sikkim mai suna Kinthup ya shiga a ɓoye, ya jefa gumagumai masu alama cikin kogin, domin a tsaya a Assam a ga ko za su ɓullo. Abokin tafiyarsa ya sayar da shi bawa, ya gudu, ya fake a wani gidan ibada, kuma duk da haka ya cika aikin, ya jefa gumagumai 500, amma saƙon da ya aika bai isa ba, jami'in da ya tura shi kuma ya riga ya bar Indiya, don haka suka wuce ba mai kallo. Da ya dawo a 1884 mutane da yawa ba su gaskata labarinsa ba, sai a 1913 da F. M. Bailey da Henry Morshead suka bi sawunsa aka gane cewa bayanin da ya bayar daga ƙwaƙwalwarsa, shi da bai iya karatu da rubutu ba, daidai yake ƙwarai. Bayansu masanin tsirrai Frank Kingdon-Ward ya shiga yankin a 1924, kuma irin furannin da ya kwaso, musamman wani shuɗin fure da masana ke kira Meconopsis, su suka fara sa sunan Kongpo ya shiga bakin masu lambu a Turai.

Abin da ke jawo dubban baƙi a yau wata bishiya ce da ba a dasa ta don kallo ba. Ita ce ficin daji na Tibet, wadda masana tsirrai ke kira Prunus mira, 'yar'uwar fici na lambu, wato ɗan itacen nan mai laushin fata da ƙwallo ɗaya a ciki da ake nomawa a ƙasashen sanyi. Ta bambanta da ta lambu ta fuskoki da dama. Ƙwallonta sumul yake ba shi da zurfafan tsage-tsage, 'ya'yanta ƙanana ne masu tsami waɗanda ba su da wata daraja a kasuwa, ita kanta kuma tana girma ta zama katafariyar bishiya mai baƙin gindi da kaurin da mutum ɗaya ba zai iya runguma ba, tana rayuwa ɗaruruwan shekaru, alhali ta lambu ba kasafai take wuce shekara ashirin tana ba da amfani ba. Furenta yana riga ganye fitowa, saboda haka a ƙarshen Maris rassan da suka yi hunturu a bushe sukan lulluɓe gaba ɗaya da furanni masu kunnuwa biyar, waɗanda ke fara buɗewa da ja mai haske, suna koɗewa kullum har su kusa zama farare kafin iska ta karkaɗe su. Bishiya guda ba ta wuce mako ɗaya zuwa biyu a cikin wannan hali.

Kyan abin ya dogara ne ga inda bishiyoyin suke tsaye. Ba a jere suke kamar na gonar 'ya'yan itace ba. Suna warwatse ne a kan iyakokin gonaki, da bakin magudanan ruwa, da bayan gidaje, da gindin tuddai, inda manoma suka bar su tun kaka da kakanni. A ƙarƙashinsu akwai alkama da sha'ir da aka shuka tun kafin hunturu, waɗanda a daidai wannan lokaci suka tashi kore shar, an kewaye su da shingen duwatsu ko na tsagaggun itatuwa. Gidajen Kongpo na dutse da katako ne, masu rufi mai gangare saboda yawan ruwa, saɓanin soraye masu shimfiɗaɗɗen rufi na Lhasa, a kan turaku kuma tutocin addu'a masu launi biyar suna kaɗawa. Shanu da ƙananan baƙaƙen aladu na yawo sakaka a tsakanin gidaje, a sama da duka wannan kuma akwai duhun daji, sannan farin dutse. Wanda ya lura zai gane cewa abin da ake zuwa kallo gonar mutane ce a lokacin aikinsu, kuma wannan yana da hukunci a kan baƙo, domin tattake tsiron sha'ir don neman kusurwar hoto ɓarnar abincin wani ne. Daga wannan sha'ir ake yin tsampa, gasasshen garin da ake kwaɓawa da hannu cikin shayi mai man shanu da gishiri, wanda shi ne abincin yau da kullum a faɗin Tibet.

Tun daga 2002 hukumomin Nyingchi ke shirya bikin furen fici kowace shekara, galibi daga ƙarshen Maris zuwa cikin Afrilu, kuma ƙauyen Gala da ke 'yan kilomita kaɗan daga Bayi shi ne aka fi danganta shi da bikin. Gala yana da sauƙin zuwa, yana da tsofaffin bishiyoyi masu yawa, amma an killace shi an sa kuɗin shiga, kuma a ranakun bikin motocin 'yan yawon buɗe ido sukan cika shi maƙil, ta yadda masu sayar da tsaraba da masu bayar da hayar tufafin gargajiya don ɗaukar hoto sukan fi manoma yawa. Ya ishi mai gaggawa, amma ba shi ne mafi kyawun abin da yankin ke da shi ba. Wanda ke da kwanaki a hannu gara ya nufi gabas zuwa gundumar Bome, inda kwaruruwan da ke shiga kogin Parlung Tsangpo ke ɗauke da bishiyoyin fici na tsawon kilomita da dama, ƙauye bayan ƙauye, kuma da yake ƙasar ta ɗan fi gangarowa furen kan riga na Bayi buɗewa. A Bome ɗin ne kuma ake samun ƙanƙarar Midui, wani daskararren kogin ƙanƙara da ke saukowa daga tsauni har kusa da daji, kuma a cikin gundumar ne masu bincike suka auna wata bishiyar saifires a 2023 suka same ta da tsayin mita 102.3, mafi tsayi da aka sani a nahiyar Asiya.

Wuri na uku, wanda da yawa ke ganin ya fi sauran, shi ne ƙauyen Suosong na gundumar Mainling, a kan wani tudu da ke bakin shiga kwazazzabon, inda furanni ke gaba, kogi na ƙasa, Namcha Barwa kuma na tsaye a ɗaya gaɓar. Wannan dutse, da ba a taɓa hawa ƙololuwarsa ba sai a 1992 lokacin da wata tawagar haɗin gwiwa ta Sinawa da Japanawa ta yi nasara, ya shahara da ɓuya, kuma laimar da ta raya kwarin ita ce ke rufe shi da gajimare mafi yawan kwanakin shekara. Kaka da hunturu ne lokutan da sama ta fi washewa. Bazara tana tsaka-tsaki. Da damina kuwa mutum zai iya yin makonni bai ga komai ba. Saboda haka masu zuwa Suosong kan kwana biyu ko uku, suna fitowa da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana, lokutan da gajimare ya fi yayewa. Babu wani kamfanin yawon buɗe ido da zai iya yi wa mutum alkawarin ganin dutsen, duk wanda ya yi kuma ba gaskiya ya faɗa ba.

Sauran wuraren ba sa buƙatar dogon bayani. Mashigar Sejila, a kan babbar hanya mai lamba 318, tana da tsayin kimanin mita 4,700, kuma daga kanta ake hangen Namcha Barwa daga nesa. A watan Maris ƙanƙara ce ke rufe da ita, furannin rododendiron da suka cika gangarenta ba sa buɗewa sai Mayu zuwa Yuni, wanda shi ne misali mafi bayyana na yadda bazara ke hawa dutse da ƙafa. A bayanta akwai dajin Lulang. A yamma akwai tafkin Basum Tso mai koren ruwa, da ƙaramin gidan ibada na Tsodzong a kan tsibirinsa, na ɗariƙar Nyingma, mafi tsufa cikin ɗariƙun addinin Buda na Tibet. Kusa da Bayi kuma akwai dutsen Bonri, mai tsarki ga mabiya Bon, addinin da ke danganta kansa da zamanin da addinin Buda bai shigo ƙasar ba, kuma masu ziyararsa suna zagaye shi ne ta hannun hagu, akasin mabiya Buda da ke bin hannun dama a wuraren ibadarsu.

Isa yankin ya yi sauƙi ƙwarai cikin shekaru ashirin. An buɗe filin jirgin sama na Mainling a 2006, a shekarar da jirgin ƙasa ya fara isa Lhasa daga lardin Qinghai. Hanyar mota daga Lhasa, wadda a da sai ta haura mashigar Mila mai fiye da mita 5,000, yanzu tana ratsa ƙarƙashin dutsen ta wani rami da aka buɗe a 2019. A watan Yunin 2021 kuma aka buɗe layin dogo mai amfani da lantarki tsakanin Lhasa da Nyingchi, mai tsawon kilomita 435, wanda ya mayar da tafiyar ta zama ta kimanin sa'a uku da rabi. Gundumar Medog ma, wadda ita ce ta ƙarshe a duk ƙasar Sin da ba ta da hanyar mota, ta samu a 2013.

Sauƙin hanya yana ɗauke da nasa haɗarin, domin jirgi kan kai mutum tudu kafin jikinsa ya shirya. A tsayin Lhasa kowane numfashi yana shigar da kusan kashi biyu bisa uku ne kawai na iskar oksijin da ake shaƙa a bakin teku, kuma jiki na buƙatar kwanaki kafin ya saba. Ciwon tudu, wato rashin lafiyar da ke kama wanda ya hau da sauri, yakan fara da ciwon kai da tashin zuciya da kasala da rashin barci, kuma ba ya duba ƙarfi ko ƙuruciya. Idan aka yi biris da shi aka ci gaba da hawa, yana iya kai wa ga taruwar ruwa a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa, waɗanda ke kisa, kuma babban maganinsu shi ne a sauko ba tare da ɓata lokaci ba. A nan ne tsarin tafiya ya dace da tsarin yanayi, domin wanda ya fara sauka a Nyingchi ya yi kwanaki a wajen mita 3,000, sannan ya haura Lhasa, ya bi bazara ta hanyar da take bi, ya kuma ba jininsa lokacin da yake buƙata. Akwai gargaɗi na musamman ga matafiyi daga Afirka ta Yamma, inda cutar sikila ta yawaita. Ƙarancin oksijin yana tayar da ciwon ga mai ɗauke da jinin SS, kuma ko mai AS, wanda a gida lafiyarsa lau, likitoci sun tabbatar yana iya samun toshewar jini a saifa idan ya hau tudu mai tsayi, musamman in ya haɗa da wahala da ƙishirwa. Gwajin jini da shawarar likita sun zama wajibi kafin a sayi tikiti.

Sai kuma batun izini, wanda siyasa ce ke tafiyar da shi. Bizar ƙasar Sin kaɗai ba ta isa ta shigar da baƙo yankin Tibet mai cin gashin kansa ba. Sai ya sami takardar izini ta musamman ta hannun kamfanin da ke da rajista, ya yi tafiya da ɗan jagora bisa tsarin da aka amince da shi tun farko, kuma da yake Nyingchi na kan iyakar da Sin da Indiya ke jayayya a kanta, wasu sassanta na buƙatar ƙarin takardu, wasu kuma a rufe suke ga baƙi. Haka nan a shekaru da yawa, musamman tun bayan tarzomar da aka yi a Tibet a 2008, hukumomi sun saba dakatar da shigar 'yan ƙasashen waje a watan Maris, watan da ake tunawa da boren 1959 wanda ya kai ga ficewar Dalai Lama, jagoran addinin Buda na Tibet, zuwa Indiya. Sakamakon haka shi ne baƙon waje kan rasa furen farko na ƙananan kwaruruwa, sai dai ya riski na wurare masu ɗan tsayi a farkon Afrilu. Game da abinci, Musulmi ba zai sha wahala a Lhasa ba, inda akwai masallatai da tsohuwar al'ummar Musulmi, wasu 'yan asalin Kashmir da suka zauna tun ƙarni na 17, wasu kuma 'yan ƙabilar Hui. A manyan garuruwan hanya ma akan sami gidajen taliya na Hui, amma a ƙauyukan Kongpo naman alade ya yawaita, don haka guzuri ya fi.

Kwazazzabon da ya haifar da duk wannan ni'ima yanzu yana fuskantar canji mafi girma a tarihinsa. A wani sashe na lanƙwasar, kogin yana gangarowa kimanin mita 2,000 cikin tazarar kilomita 50 kacal, kuma injiniyoyi sun daɗe suna kwaɗayin wannan ƙarfi. A ranar 19 ga Yulin 2025 firaministan Sin Li Qiang ya ƙaddamar a Nyingchi da aikin tashoshin lantarki a ƙasan kogin Yarlung Tsangpo, wanda aka ƙiyasta zai ci kuɗin Sin yuwan tiriliyan 1.2, ake kuma sa ran zai zarce madatsar Three Gorges ta ƙasar Sin wajen samar da wuta. Gwamnatin Sin ta ce aikin ba zai cutar da ƙasashen da ke ƙasan kogin ba, amma Indiya da Bangladash, inda miliyoyin mutane ke rayuwa da ruwan Brahmaputra, sun nuna damuwarsu, masu kare muhalli kuma suna nuni da dazuzzukan kwazazzabon da kuma yanayin ƙasar da za a haƙa. A wannan yanki ne aka yi girgizar ƙasar 15 ga Agustan 1950, mai ƙarfin maki 8.6, ɗaya daga cikin mafiya girma da aka taɓa aunawa a doron ƙasa.